Ranar da aka ce a cire wa Yaya mahaifa

Shekara biyu cur mutanen zangonmu a Karaga suna yi wa Yaya barka da cikin da babu shi. Ciki ya ɗaga kamar na wata biyar, ya tsaya nan, ba gaba ba baya. Tsofaffi suka ce kwantaccen ciki ne, wata rana zai tashi. Ita kuwa ta san ba haka ba ne, domin jininta sai ya yi kwana goma sha biyu yana zuba da gudaji, wani watan ma ya zarce. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma sai da na kama ta tana wankin zannuwa da tsakar dare, don kada kishiyarta ta gani, sannan ta buɗe mini cikinta.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarunta 44 a lokacin, 'ya'yanta biyar, koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha. Ni malamar firamare ce, kuma abin da na sani game da mahaifa bai wuce zanen da muka haddace a kwalejin horon malamai don cin jarrabawa ba. Sai muka yi abin da kowa ke yi. Masu motar lasifika da ke zuwa ranar kasuwa suka sayar mana da kwalabe, mai maganin yana rantsuwa cewa ƙarin zai narke ya fita. Kwasar adashinta biyu ta tafi a nan. Ni da ake kira Malama, ni ce mai karanta mata yadda ake shan maganin, kuma har yau abin yana damuna.

Wata safiya cikin hunturu jiri ya ɗebe ta a gaban kaskon mai. Allah ya kiyaye, gefe ta faɗi. Da aka auna jininta aka samu 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, idan awonta ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, idan ya gaza 8 kuwa abin ya yi tsanani. Aka ba mu takarda zuwa Tamale.

A can aka yi mata hoton ciki. Likita ya duba, ya yi magana da Turanci, nas ta juya da Dagbanci, ni kuma na juya wa Yaya da Hausa, domin Dagbancinta na ciniki ne, ba na asibiti ba. Magana ta bi ta baki uku, abin da ya iso kunnenta kalma biyu ne kawai: cire mahaifa. Ta kama hannuna ta ce, "Malama, tashi mu tafi gida. Gara in mutu da kayana." Ga takardar amincewa da Turanci a kan tebur, ga tawadar dangwale a gefe. Na roƙi arziki a ba mu mako biyu. A cikin makon biyun nan ne na yi karatun da ban yi a kwaleji ba, na kuma dami wata ƙawata ungozoma da waya har ta gaji da ni.

Abin da ke cikin Yaya shi ne ƙarin mahaifa, wanda 'yan asibiti ke kira faibrod. Tsiro ne na naman mahaifar kanta, ba kansa ba ne, kuma da wuya ƙwarai ya zama kansa. Wani kamar gyaɗa, wani kamar lemo, wani ya kai kan jariri. Ya fi kama baƙar fata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya gano cewa kafin su kai shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi, farare kuma kusan kashi 70. Wato in kika shiga gidan suna a Salaga ko Yendi kika dubi manyan matan da ke zaune, da yawansu suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma ba zai taɓa damunsu ba. Irin wannan ba a taɓa shi. Wanda ake yi wa magani shi ne mai jawo zubar jini, ko ciwon mara, ko danne mafitsara har mace ta riƙa fitsari kowane lokaci, ko hana ciki zama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cire mahaifa ba ita ce hanya ɗaya tilo ba, kuma sau da yawa ba da ita ake farawa ba. Akwai ƙwayar tiranezamik da ake sha a kwanakin al'ada don rage zubar, tare da maganin ƙarin jini. Akwai ƙwayoyi da allurar tsarin iyali, da wata 'yar roba mai sinadari da ake sa wa cikin mahaifa, tana rage jini sosai na tsawon shekaru, sai dai ba ta zama daidai idan ƙarin ya lanƙwasa cikin mahaifar. Waɗannan suna rage jini ne, ba sa kawar da ƙarin. Akwai wata allura da ke tsayar da al'ada ta motse ƙarin na 'yan watanni, yawanci don a samu jini ya dawo kafin a yi aiki, amma da an daina sai ya sake girma. A manyan asibitocin duniya har ana zura siririn bututu ta jijiya a toshe hanyar da ke kai wa ƙarin jini, ya bushe a hankali. Macen da ta kusa daina al'ada kuwa, in jinin bai kai ta ƙasa ba, ana iya lallaɓawa da magani, tunda ƙarin kan motse da kansa bayan al'ada ta ɗauke.

Sai kuma aikin da ake ciro ƙarin kaɗai a bar mahaifa. Wata da muka yi kwaleji tare, 'yar Salaga, shi aka yi mata tana da shekara 31, aure shekara shida ba haihuwa. Yanzu tana goyon ɗa namiji. Amma an gaya mata gaskiya tun kafin ta shiga: aikin yana cin jini, ƙarin yana iya dawowa bayan shekaru, wataƙila haihuwarta ta zama ta tiyata, kuma idan jini ya ɓalle ana cikin aiki ba a iya tsayar da shi ba, dole a cire mahaifar don a ceci ranta. Ta sa hannu da saninta. Wannan shi ne abin da nake so kowace mace ta samu, kuma ba alfarma ba ce. Kundin haƙƙin majiyyaci na Hukumar Lafiya ta Gana ya ba ki damar a yi miki cikakken bayani kan ciwonki da haɗarin maganin, a gaya miki sauran hanyoyin da ake da su, kuma ki nemi ra'ayin wani likita na biyu. Idan ba ki ji harshen ba, ki ce ba ki ji ba. Kunyar cewa "ban gane ba" a gaban nas ta sa matan zango da yawa sun dangwala a kan abin da ba su sani ba.

Ita kanta cirewar iri-iri ce. Ana cire mahaifa da bakinta gaba ɗaya, ana kuma cire saman a bar bakin. Wadda aka bar wa bakin, gwajin kansar bakin mahaifa yana nan a kanta kamar kowace mace. Idan kansa ce ta kawo aikin, ana haɗawa da naman da ke kewaye. Ana bi ta yankan ciki, ana bi ta ƙasa ba tare da an yanka ciki ba, musamman ga wadda mahaifarta ta zazzago, ana kuma yi da na'ura ta 'yan ƙananan huji inda akwai kayan aikin. Ita ma zazzagowar mahaifa, wadda mata masu yawan haihuwa da ɗaukar kaya mai nauyi suka sani sarai ko da ba sa faɗa, tana da wani zobe na roba da ake sa wa ya tallafe ta idan mace ba ta son aiki.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ban san ana yin ta ba sai da ungozomar nan ta gaya mini, ita ce: za a bar ma'ajiyar ƙwai ko za a cire? Ma'ajiyar ƙwan nan guda biyu, dama da hagu, su ke samar da sinadaran da ke riƙe da jikin mace. Mahaifa ɗakin renon ciki ce. Idan an cire mahaifa an bar su, al'ada ta tsaya, haihuwa ta ƙare, amma jiki yana nan yadda yake. Idan an haɗa da su alhali mace ba ta daina al'ada ba, nan take za ta faɗa halin masu daina al'ada: zafi ya riƙa taso mata, gumin dare, bushewar gaba, ƙashi ya yi rauni da tafiyar shekaru. Akwai maganin da ake bayarwa don wannan, amma gara a san da shi kafin a shiga ɗakin tiyata.

Da na gama tattara wannan na koma wa Yaya, sai na tarar ba wuƙa take tsoro ba. Ta ce, "Ke ba ki san gidan miji ba. Za a ce na zama namiji." Haka ake faɗa a zango: wadda aka cire wa mahaifa cikinta rami ne, miji ba zai ƙara jin daɗinta ba. Likitoci sun ce ba haka ba ne. Farji yana nan, ana ɗinke samansa ne, kuma bayan mako shida ko abin da likita ya ce, zaman aure yana komawa. Wasu matan ma sai bayan aikin suke samun sauƙi, domin ciwo da jinin da ke raba su da mazansu sun tafi.

Ta kuma ce ko ba saɓo ba ne mutum ya tsayar da haihuwa da hannunsa. Muka je wurin limamin unguwarmu, ni da ita da mijinta. Ya ce malamai sun hana yanke haihuwa gaba ɗaya haka kawai, amma larura tana halatta shi, kuma haka majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a taronta na Kuwait a 1988. Sannan ya tambaye ta yadda take yi da salla. Nan ta fashe da kuka. Ashe duk kwanakin da take ganin jini ba ta salla, azumi biyu kuma ta sha rabinsu. Liman ya yi mata bayanin abin da ke cikin Ahalari da Risala, cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana goma sha biyar, abin da ya zarce jinin ciwo ne, mace za ta yi wanka ta yi sallarta. Shekara biyu tana ɗauke da wannan nauyin ita kaɗai, don kunya ta hana ta tambaya.

Mijinta bai ce komai ba sai a hanya. Ya ce da ni, "Malama, in an yi aikin, za ta tashi?" Na ce, "Yaya Alhaji, kowane aiki yana da haɗari, akwai zubar jini, akwai ƙwayar cuta a ciwo, wani lokaci a taɓa mafitsara. Amma yadda take yanzu ma haɗarin ne." Washegari shi ya tara ƙannensa biyu da babban ɗansu suka je ba da jini, domin a asibitocinmu an saba sai dangi sun kawo masu ba da jini kafin a sa ranar aiki. Katin inshorar lafiyarta kuwa ya mutu tun bara ba ta sani ba, sai da muka sabunta. Tun 2003 aka kafa dokar inshorar nan, amma a gidajenmu ba a tuna kati sai ciwo ya kwantar da mutum. Ko da katin, ku tanadi kuɗin mota da abinci da 'yan magungunan da za a ce a sayo a waje.

Yaya ta yi sa'a, ta samu mako biyu na tunani. Akwai waɗanda ba sa samun ko minti goma. Mace ta daɗe tana naƙuda a gida, a ɗura mata kaligutim, maganin gargajiyar nan na zaburar da naƙuda da ma'aikatan lafiya a Dagbon suka daɗe suna gargaɗi a kansa, mahaifa ta fashe, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Kafin a kai ta asibitin Yendi, ko na Salaga, ko asibitin Presbyterian na Bawku, ko babban asibitin koyarwa na Tamale, wani lokaci babu abin da ya rage wa likita sai ya cire mahaifa, ko da 'yar shekara 22 ce mai haihuwar fari. Awon ciki da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshora tun 2008. Wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa ko aikin ƙari, kada ta yarda naƙuda ta same ta nesa da asibitin da ake tiyata.

Da muka koma, Yaya da bakinta ta yi tambayoyin, ni tafinta ce kawai. Likitan da muka samu a wannan karon ya juya takarda ya zana mata mahaifarta da ƙari bakwai a jiki, ya ce da shekarunta da yawansu, in an ciro su ɗaya-ɗaya za ta yi asarar jini mai yawa kuma suna iya dawowa. Ta ce a cire, amma a bar mata ma'ajiyar ƙwai in lafiyarsu ƙalau. Ya rubuta. Aka ƙara mata jini leda biyu, aka yi aiki, ta kwana biyar a gado.

Wahalar ta gaske a gida take. An ce mako shida zuwa takwas ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba daka, ba jarkar ruwa a ka. A Karaga da rani, wa zai ɗebo ruwan? Kishiyar nan da ake ɓoye wa zannuwa ita ta karɓi girki da ɗibar ruwa, ni kuma in na tashi daga makaranta in kai miyar ayoyo da hanta. A mako na uku na tarar da Yaya ta ɗauki taɓarya, muka yi faɗa sosai.

Yanzu ta koma bakin tasha, ta yi ƙiba, azumin bana ba ta sha ko ɗaya ba. Surukarta har yau ta ɗauka aikin ƙari kawai aka yi, kuma Yaya ta ce a bar ta a haka. Makon jiya wata mai sayar da ita ce ta tsaya sayen koko, ta jira layi ya watse, ta sunkuya ta yi wa Yaya raɗa. Yaya ta ɗago ta ƙwala mini kira daga tsallaken titi: "Malama, in kin tashi makaranta ki biyo, ki zo da takardar nan da likita ya zana."