Cinikin tsohuwar mota a Magariya da Dungas: Shin sallamawa na raba mai kaya da alhaki?

Duk ɗan kasuwar da ke yankin Magariya da Dungas a jihar Damagaram ya san cewa mota ita ce ƙafar sana'a. Da ita ake kwasar gero, wake, riɗi da dabbobi daga ƙauyuka zuwa kasuwanni, da ita ake tsallakawa Maigatari ta jihar Jigawa ranar Alhamis, ko a bi ta Tinkim a faɗa Babban Mutum. Kusan duk waɗannan motoci tsofaffi ne, sun yi zamaninsu a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, sannan suka yi ta sauya hannu tsakanin direbobi da 'yan kasuwa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Binin, hanyar shigo da mota ta ƙara nisa da tsada, wanda hakan ya ƙara wa motar da ke hannun maƙwabci daraja.

Galibi yadda ake cinikin nan mun san shi. Dillali ya haɗa mai mota da mai saye, a zagaya da ita sau ɗaya ko biyu, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. A ba dillali la'adarsa, a miƙa makulli da takardu, kowa ya kama gabansa. Bayan mako biyu sai injin ya fara shan baƙin mai yana tuttuɗo hayaƙi, ko giya ta ƙi shiga, ko bakanike ya kankare fenti ya ga an taɓa yanka shasi an yi masa walda. Daga nan sai rigima ta tashi, mai saye na cewa an cuce shi, mai sayarwa na cewa ai tsohuwar mota ce, kuma kaya ya riga ya bar hannunsa.

Wannan magana ta "kaya ya bar hannu" ita ce muke son masu karatu su duba da kyau, domin doka ba ta yarda da ita kai tsaye ba. Nijar ta gaji kundin dokokin mu'amala na Faransa, wanda aka fara rubutawa a 1804, kuma sashe na 1641 zuwa na 1649 sun yi bayani a kan ɓoyayyen aibi. Abin da suka tanada shi ne, mai sayarwa na da alhakin duk wani aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda ido ba ya gani, matuƙar ya hana kayan yin aikin da aka saye shi dominsa, ko ya rage amfaninsa har ta kai da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗin ba. Mai saye na da zaɓi biyu: ya mayar da motar a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe ta a rage masa wani abu daga farashin.

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, ko da mai motar bai san da aibin ba, alhakin na kansa. Bambancin kawai, wanda bai sani ba zai mayar da kuɗi da ɗawainiyar cinikin, shi kuwa wanda ya sani ya yi shiru, zai haɗa da diyyar duk asarar da ya jawo. A ce wata mai sayar da tumatir ta yi adashi ta sayi mota, ta ɗora kaya, motar ta mutu a tsakanin Bande da Magariya saboda injin da aka lallaɓa da gangan don ya kai ranar ciniki. Idan ta iya tabbatar da haka, tumatirin da ya ruɓe ma yana cikin lissafi.

To sai dai ba kowace lalacewa ba ce ɓoyayyen aibi. Tayar da ta cinye, gilashin da ya tsage, tsatsar da ke bayyane, duk dokar ta ce mai saye ya gani ya yarda. Haka nan tsufa na yau da kullum: wanda ya sayi motar da ta shekara ashirin a kan hanya ba zai kai ƙara don kuloci ya ƙare ba. Kuma shi mai saye ne zai kawo hujjar cewa matsalar ta riga cinikin, abin da ba ya yiwuwa sai da shaidar ƙwararren bakanike. A nan ne da yawa ke faɗuwa, domin kafin su je gaban hukuma sun riga sun kai motar gareji biyu ko uku an kwance injin, an zubar da tsofaffin kayan da za su zama shaida.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Dokar ta ce a kai ƙara cikin gajeren lokaci, alƙali ne ke auna shi. Idan kuwa cinikin tsakanin 'yan kasuwa biyu ne, kuma don sana'a aka yi shi, to dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ita ke aiki. A gyaran da aka yi mata a Lome a 2010, an ba mai saye wata ɗaya ya sanar da aibin da ke bayyane, sannan shekara ɗaya daga ranar da ya gano ɓoyayyen aibi ya shigar da ƙara.

Mai sayarwa na iya kare kansa idan aka rubuta cewa ya sayar ba tare da lamuni ba. Amma wannan sharaɗi na amfanar wanda bai san da aibin ba ne kaɗai. Wanda ya zuba mai mai kauri don ya danne ƙarar injin, rubutu ba zai wanke shi ba. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya ma a kan haka suke: ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye na da damar mayar da kaya idan ya gano shi.

Akasarin irin wannan rigima ba ta kaiwa kotun Magariya, balle babbar kotu ta Damagaram. A wurin shugabannin tasha, ko mai gari, ko fadar sarki take ƙarewa, kuma dokar Nijar ta ba sarakuna ikon sasanta mutane. A ganinmu wannan ya fi sauƙi ga talaka, illa dai sulhun da ba a rubuta ba yakan dawo sabo. Shi kuwa dillali, wanda ya rantse cewa motar lafiya lau take, sau da yawa shi ake fara cafka, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, alhali kuɗin na aljihun mai motar.

Akwai kuma wata matsalar da ta shafi bakin iyaka. A Magariya da Dungas Naira na yawo kafaɗa da kafaɗa da Sefa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta, ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ita kuwa Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro. Wanda ya biya da Naira a wancan lokaci, aka mayar masa da adadin da ya bayar bayan wata shida, kuɗinsa ne a baki, amma ba za su sake saya masa irin motar ba. Don haka takardar ciniki ta faɗi da wane kuɗi aka biya, da kuma wanda za a mayar idan ciniki ya warware.

Takardun motar su ma aibi ne idan ba su cika ba. Motar da duwan ko jandarma suka kama saboda ba a biya mata haraji ba, ko aka gano ta sata ce, mai saye na da ikon komawa kan wanda ya sayar masa. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun farkon 2017, don haka wanda zai sayar wa mutumin Babura ko Maigatari sai ya yi hattara. Shi ma mai sayarwa, muddin ba a sauya suna a katin mota ba, sunansa hukuma za ta fara gani ranar da motar ta kaɗe mutum ko aka kama ta da kayan fasa-ƙwauri. Ya kamata ya riƙe kwafin takardar ciniki mai kwanan wata, da lambar shasi, da jerin matsalolin da ya faɗa wa mai saye, da sa hannun shaidu biyu.