Abin da ake ɓoyewa a Gayam

A Hausa mutum yakan ɓoye abu, yakan kuma ɓuya. Na farkon sai da abin ɓoyewa, kuɗi ko magana ko laifi. Na biyun kai da kanka za ka shige inda ido ba ya kaiwa. Yaron Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, ya san bambancin tun bai shiga aji ɗaya ba: da farin wata wasan ɓuya ake yi a bayan rumbuna, da safe kuma ya ɓoye ƙosansa a aljihu kada ƙanensa ya gani.

Ɓoyon da aka rene mu da shi na kunya ne. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, saboda shi ne ɗan fari. Sai dai ta ce "wancan yaron", alhali yana da furfura. Wanda aka sa wa sunan kakansa, Abba ko Baba ake kiransa, sunan yankan sai a takardar makaranta. Ranar kamu ƙawaye ke ɓoye amarya, dangin ango su biya kafin a fito da ita, kowa kuwa ya san ɗakin da take. Mai kai wa maƙwabcinsa tiyar masara bayan sallar isha'i ba tsoron kowa yake ji ba, rufin asiri yake yi. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Hatsin da ke rumbu kuwa ajiya ne, ba ɓoyo ba, tunda rumbu a tsaye yake kowa na gani. Ɗan kasuwar da ya cika sito yana jiran tsada shi ake ce wa mai ɓoye abinci, kuma zagi ne.

Daga tushen ɓoye da ɓuya aka samu maɓoya, kalmar da rediyo ta liƙa wa ƙasarmu. An keɓe dajin Kamuku na Birnin Gwari tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, don namun daji su sami mafaka. Ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma shekara da shekaru in an ambaci Birnin Gwari a labarai, abin da zai biyo baya shi ne "maɓoyar 'yan bindiga".

Ni kalmar ba ta taɓa kwanta mini ba. Mutumin da ke tafe da rana tsaka, su uku a kan babur, bindiga a kafaɗa, yana yanka wa manoma kuɗin da za su biya kafin su girbe gonarsu, ina ya ɓuya? Mu ne muka koyi ɓuya. Manomi ya daina cika rumbu, ya rarraba buhunansa gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Mai tafiya Kaduna ba ya faɗin ranar tashinsa ko ga abokinsa. Uban da ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Abuja ya ci gaba da sa tsohuwar riga, don kada infoma ya kai labari a zo a ɗauke shi. Wanda ya yi magana da ɗan jarida sai ya roƙa a sakaya sunansa. Su kansu maharan ba a kiransu da sunansu a majalisa, "mutanen daji" ake cewa. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Kaduna ta Nasir El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a yankin don toshe bakin masu kai rahoto. Mu ma sai muka daina jin labarin juna.

A Nuwambar 2024, bayan sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya buɗe karar shanu da ta yi shekaru a rufe. Sa dai ba ya shiga aljihu, duk wanda ya kora nasa zuwa kara ya yarda a ƙirga dukiyarsa ke nan. Amma tambayi manomin Gayam buhu nawa ya samu bana, zai ce maka "Alhamdu lillahi" ya yi shiru. Haka kakansa ma yake amsawa don kada ya zama mai fariya, kuma yanzu ba ka iya gane wanne daga cikin dalilan biyu ne ya rufe masa baki.