Lissafin Mai Shayi a Cikin Na'ura

Kafin murya ta bi layin waya sai an mayar da ita lambobi, 8,000 a kowace daƙiƙa a tsohon tsarin tarho. Lambobin nan tafe suke da hayaniya, dole a tace su. Aikin matacin da aka fi amfani da shi ɗaya ne: ya ɗebi lambobin da suka shigo baya-bayan nan, ya ninka kowace da wani tsayayyen adadi, ya tara. Ninkawar ce mai tsada. Tana cin fili a jikin na'ura, tana shan batir.

Mai shayi ya daɗe da sanin maganin wannan. Abu huɗu ne a teburinsa: shayi, burodi, ƙwai da taliya, kowanne farashinsa a tsaye. Ka ce masa, "Malam, shayi da ƙwai na ci, ban da burodi," kafin ka rufe baki ya faɗi kuɗinka. Bai ƙirga komai ba, jimlar tana kansa tuntuni. Kowane abu ko an ci ko ba a ci ba, don haka haɗi 16 ne kacal, har da na wanda ya zo hira bai ci komai ba.

Wannan dabarar ce Abraham Peled da Bede Liu na Jami'ar Princeton suka bayyana a 1974. Tunda na'ura da 0 da 1 take rubuta lamba, idan lambobi huɗu ake tacewa, sai a ciro ɗigo guda, 0 ko 1, daga kowace lamba cikin huɗun. Ɗigogin huɗu su ne adireshi, ma'ajiyar bayanai kuma ta miƙo jimlar da aka riga aka lissafa aka ajiye. A matsa zuwa ɗigo na gaba, a ruɓanya, a tara. Lamba mai ɗigo 16 zagaye 16 take ci, ba tare da na'urar ninkawa ko ɗaya ba. A ganina wannan hikima ce ta gaske, don wahalar sau ɗaya aka sha ta.

Sai dai jadawalin jimlolin nan yana kumbura. Mataci mai adadi 16 na buƙatar gurbi 65,536, mai 32 kuwa ya haura biliyan 4. Injiniyoyi sai su raba mai adadi 16 ɗin huɗu-huɗu: ƙananan jadawalai huɗu, gurbi 64 gaba ɗaya, a haɗa amsoshinsu. Shi ya sa dabarar ta samu wurin zama a na'urorin FPGA na kamfanin Xilinx, waɗanda a da aka gina su da ƙananan jadawalai masu ƙofa huɗu.

Inda take rauni shi ne ranar da sukari ya tashi. Farashi ɗaya ya motsa, rabin jimlolin mai shayi sun lalace, sai ya sake haddacewa. Matacin da ke kashe amsa-kuwwa a waya kullum adadinsa canzawa yake, kuma sake rubuta jadawali a kowane motsi yakan cinye ribar da aka samu.