Ba Kowane Lemu Ne Ke Faɗa da Maganin Kitsen Jini Ba

Idan sanyin hunturu ya shigo, mai bin hanyar Abuja zuwa Lokoja ba ya wuce Abaji bai ga lemu jibge a bakin titi ba: lemun zaƙi, tanjarin, lemun tsami, wani lokaci kuma wani ƙato mai kaurin ɓawo da ɗaci-ɗaci, wanda ake kira garehul, masu talla kuma su ce "girep". Cikin masu tsayawa su saya akwai dattawan da likita ya ɗora a kan maganin rage kitsen jini, wato kolestarol, domin kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Da yawansu sun ji ƙishin-ƙishin cewa maganin ba ya shiri da lemu. Maganar tana da tushe, amma ta ɓace a hanya, domin kalmar "lemu" a bakinmu ta haɗa 'ya'yan itace da dama, har da abin sha na kwalba. Shi ya sa wani ya haramta wa kansa lemun zaƙin da ba ruwansa, wani kuma yake ɗirkar ruwan garehul da zaton inabi aka hana shi, tunda sunayen biyu sun yi kama a Turancin da ke jikin takardar magani.

Asalin gano wannan abu tsautsayi ne. A shekarar 1989, wani masanin magunguna a Kanada mai suna David Bailey yana binciken yadda barasa ke shafar maganin hawan jini na felodipine, sai ya zuba ruwan garehul don ya ɓoye ɗanɗanon barasar. Abin mamaki, maganin ya ninka a jinin waɗanda aka yi gwajin da su. Daga baya aka gane dalili. A bangon hanjin mutum akwai wani sinadari, CYP3A4, mai kama da mai gadin ƙofa: yana rushe kaso mai yawa na wasu magunguna kafin su kai ga jini, kuma da lissafin wannan asarar ake tsara yawan ƙwayar da za a sha. Garehul na ɗauke da sinadaran da ke kashe wannan mai gadi, sai jiki ya ƙera wani sabo, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. A tsakanin nan ƙofa a buɗe take, ƙwaya ɗaya sai ta yi aikin ƙwayoyi da yawa.

Yawan ninkin ya danganta da maganin da kuma yawan ruwan da aka sha. Masu bincike a ƙasar Finlan sun nuna a 1998 cewa shan ruwan garehul mai kauri sau uku a rana ya ninka maganin kitsen jini na simvastatin a jini kusan sau 16. Ko kofi ɗaya a rana, a wani gwajin nasu na 2004, ya ninka shi fiye da sau 3. Lovastatin ma haka yake. Atorvastatin, wanda ake yawan rubutawa a asibitocinmu, ninkinsa bai kai haka ba, kusan sau biyu da rabi ne idan an sha ruwan da yawa. Su kuwa rosuvastatin da pravastatin ba ta wannan ƙofa suke bi ba, saboda haka garehul bai cika taɓa su ba. Ga shi nan dai: duk sunayen suna ƙarewa da "statin", amma halinsu ya bambanta, kuma mara lafiyar da abin da ya sani game da maganinsa shi ne "farar ƙwayar nan ta dare" ba shi da hanyar sanin ɓangaren da yake. Lemun zaƙi kuwa, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwar Abaji, ba ya cikin wannan rigima. Mai shan maganin ya sha abinsa, har da buɗa-baki a watan azumi.

Wani zai ce ai wannan damuwar Turawa ce, su da ke karya kumallo da ruwan garehul, mu nan wa ya damu da shi? Ina ganin a nan ne muka fi yin sakaci. Gaskiya ne ba ma shan sa don marmari, amma muna shan sa a matsayin magani. Ana yanka shi da ɓawonsa a dafa da lemun tsami da ganyaye don zazzaɓi ko taifot, ana kuma matse shi a ruwan ɗumi da sassafe don "narkar da kitse" da rage tumbi. To wa ya fi neman abin narkar da kitse in ba wanda aka gaya wa kitse ya yi yawa a jininsa ba? Ke nan mutumin da ya fi kowa dacewa ya kiyayi garehul shi ne aka fi yi wa tallarsa, kuma ba zai faɗa wa likita ba, domin a ganinsa ɗan itace ba magani ba ne. Lemun tsami ma yana da irin waɗannan sinadarai, musamman a ɓawo. Ɗigon da ake matsawa a shayi ko kunu ba abin tayar da hankali ba ne, amma dafa shi tuli guda ana sha kullum abu ne da ya kamata likita ya sani.

Akwai kuma ƙalubale mai nauyi daga masana kansu. A 2016 wasu masu bincike a Landan sun yi lissafi suka ce kofi ɗaya a rana ƙara wa maganin ƙarfi yake yi, haɗarin da yake jawowa kuma kaɗan ne. Ba a musun cewa mummunar illa ba ta da yawa. Sai dai ƙarfin sinadarin ya bambanta daga wannan ɗan itace zuwa wancan, yawan mai gadin hanji ma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ba wanda zai iya auna ƙarin da aka samu. Idan ana son ƙara ƙarfin magani, likita ya ƙara da ƙwayar da aka san nauyinta. Bugu da ƙari, mai shan maganin kitse a nan da wuya a ce shi kaɗai yake sha. Sau da yawa yana haɗawa da amlodipine na hawan jini, wanda tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada simvastatin ya wuce miligiram 20 idan ana shan su tare. Idan tari ya kama shi ya je kemis aka ba shi erythromycin ko clarithromycin, su ma wannan ƙofar suke toshewa. Garehul a kan wannan duka ya zama ƙari a kan ƙari.

Dabarar raba lokaci, a sha ruwan da safe a sha ƙwaya da dare, tana rage ninkin amma ba ta kawar da shi, tunda mai gadin bai gama dawowa ba. Mafita mafi sauƙi ga wanda ba zai iya rabuwa da garehul ba ita ce ya nemi likita ya duba yiwuwar sauya masa zuwa rosuvastatin ko pravastatin. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ajiye maganin da kansa, domin kitsen jini ba ya ciwo, kuma da an daina sha yake komawa inda yake.

Illar da ake gudu a tsoka take farawa: ciwo ko sanyin jiki a cinyoyi, sha-raɓa da kafaɗu ba tare da an yi aikin ƙarfi ba. Manomi ko direba zai iya ɗaukar sa a matsayin gajiya ko zazzaɓi. Idan abin ya tsananta, tsokar kan fara narkewa, abin da ta zubar ya toshe ƙoda, fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka ya dakata da ƙwayar, ya nufi Babban Asibitin Abaji ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada a ranar, riƙe da kwalayen duk magungunan da yake sha, ya kuma ambaci duk wani jiƙo ko dahuwar lemu da ya sha a makon.