Kayan Salla na samari da ƴammata: me ya kamata maigida ya saya?

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko kuwa watan Layya ya tsaya, maigida ba ya sake samun barci mai nauyi. Teloli sun cika da ɗinki, Babbar Kasuwar Yamai da Kasuwar Dole ta Damagaram ba masaka tsinke, a cikin gida kuwa kowane yaro ya riga ya san abin da zai roƙa. Na ƙanana mai sauƙi ne: riga, takalmi, da ƴan dalolin barka da salla. Wuyar aiki tana ga masu shekara 13 zuwa 18, waɗanda suka wuce a ruɗe su da alewa, ba su kuma kai su nemi na kansu ba. Kusan rabin jama'ar Nijar ba su cika shekara 15 ba, saboda haka gidan da bai gamu da wannan magana bana ba zai gamu da ita baɗi.

In aka tambayi samari da ƴammatan yau, amsarsu kusan ɗaya ce: wayar salula da farko, sa'an nan shadda mai tsada, takalmi na yayi, wasu ma har moto. Aljihun iyaye kuwa bai san yayi ba. Manya ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, farashin kayan waje ya yi sama. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe iyakoki, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau kan mai saye. Ɗan kasuwa ya san haka a shagonsa, ma'aikaci ya san haka a albashinsa.

Shawararmu ita ce: a ɗinka tufafin salla daidai ƙarfi, domin bai kamata yaro ya je idi yana jin kunyar tsararsa ba. Abin da ya rage na kuɗi kuwa a zuba shi cikin kyauta guda wadda za ta daɗe tana amfani bayan an cinye naman layya. Tun da sauran mako uku ko huɗu, uba ko uwa su zaunar da yaro, su gaya masa iyakar jikunan da aka ware masa, su ce ya rubuta abubuwa uku da yake so, ya je kasuwa da kansa ya jiyo farashi. Yaron da ya yi wannan lissafi ya koyi darasin da ba a koyarwa a lakwal.

Waya ba abar ƙi ba ce. Da ita ɗalibai ke aika wa juna darasi ta WhatsApp, da ita kuma uwa ke sanin inda ɗanta yake bayan magariba. Sai dai kuɗin saye shi ne ƙaramin ɓangare, domin kuɗin kira da na intanet kowane mako ne. Kafin a miƙa ta, a yi magana a fili: wa zai riƙa biya, ƙarfe nawa za a ajiye ta da dare, kuma iyaye suna da ikon dubawa. Ga ɗan shekara 13, ƙaramar waya ta kira ta wadatar.

Fitila mai aiki da hasken rana kyauta ce da ba a cika tunawa da ita ba. A 2025 Ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Maris, Babbar Salla a farkon Yuni, wato cikin zafi, lokacin da wuta ta fi ɗaukewa, kuma dab da jarrabawar BEPC da bakaloriya. Duk wanda ya ga duhun da garuruwanmu suka shiga a Agusta 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, ya san darajar fitilar da ɗalibi zai yi bita da ita ba tare da jiran kowa ba.

Wanda kwalejinsa ke da nisa, keke ya fi masa moto. Ba ya shan mai, gyaransa kuɗi kaɗan ne, haɗarinsa kuma bai kai na moto a hannun ɗan shekara 15 ba. Mai son karatu kuwa a haɗa masa ƙamus na Faransanci da littafi ɗaya ko biyu: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, don kada harshen gida ya kuɓuce masa.

Akwai kuma kyautar kakanni, wato dabba. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda kyan fatarta da yawan haihuwar tagwaye, cikinta kuma wata biyar ne. Yarinyar da aka ba budurwar akuya a Ƙaramar Salla, ta kula da ita, kafin shekara ta zagayo tana iya samun abin sayarwa ta sayi kayan lakwal da kanta. Haka nan keken ɗinki, ko da na hannu ne, ko kayan gyaran waya ga yaron da ke zama wajen mai gyara lokacin hutu. Ƴan kasuwar Maraɗi da Tawa da yawa da ƙaramin tire suka soma, kuma jarin jika biyar da uba ya sa wa ido ya fi jika hamsin da aka kashe cikin kwana uku.

Abu biyu ya kamata a kiyaye. Na farko adalci: kada a sayi waya ga namiji a sallami mace da ɗankwali, kada kuma ɗan wannan ɗaki ya fi ɗan wancan, domin yara ba sa manta irin wannan har girma. A tuna kuma da ɗan riƙo da marayan da ke cikin gida. Na biyu bashi: ma'aikacin da ya ci albashin wata mai zuwa saboda shadda, shi ne zai rasa kuɗin littattafai ranar komawa lakwal a watan Oktoba. Hausawa sun riga sun faɗa, salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Allah ya hore wa iyaye abin yi, ya shirya mana zuriya, ya maimaita mana.