Ɗan Kwikwiyo da Ƙetare Iyaka: A Tafi da Shi ko a Bar Shi Gida?

A shirinmu na makon jiya wani makiyayi ya bugo waya daga wajen Ɗan Isa. Ya ce kaka ta wuce, za su gangara kudu da shanu ta Jibiya, ga yara sun nace sai an tafi da ɗan kwikwiyon da karyarsu ta haifa. Ya ce, "Malam, in ɗauke shi ko in bar shi?" To ga amsar a rubuce, don mai kiwo da mai fatauci duka.

Abin da ke raba gardama shi ne allurar haukan kare. Cutar a cikin yawun kare take, ta cizo take shiga jikin mutum ko na saniya. Takan yi wata biyu ko uku ba a ga komai ba, amma da zarar alamu sun fito, sai dai haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Ka san su waye ke wasa da kwikwiyo.

Yanzu ka yi lissafi. Ba a yi wa kwikwiyo wannan allura sai ya kai wata 3, don kafin nan ba ta cika kama jikinsa ba. Bayan an yi, sai an jira kamar kwana 21 kafin ta fara kare shi. Ke nan duk kwikwiyon da bai kusa wata 4 ba, ba shi da garkuwa. Ka bi da shi burtali, ya haɗu da karnukan wasu rugage da dila a mashaya, ka ɗauko wa iyalinka abin da ba ka saya ba. Irin wannan, gida ya dace da shi.

Babban karen kiwo kuwa, ai abokin aiki ne, shi ke tashinka in ɓarawo ko kura sun zo da dare. Tafi da abinka, amma ka kai shi wurin likitan dabbobi mako uku kafin tashi, a yi allura, a ba ka kati mai kwanan wata da sa hannu. Takardar ƙetare iyaka ta garke, wadda CEDEAO ta fito da ita a 1998, yawan dabbobi da allurarsu da hanyar da za ku bi take nunawa. Katin kare daban ne. Haɗa su a leda ɗaya, kuma ka riƙa sabunta allurar duk shekara.

Kai kuma ɗan kasuwa mai zuwa Konni ko Maigatari na kwana biyu, me za ka yi da kare a mota? Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafi. Ka cusa shi tsakanin buhuna da rana tsaka, zafi na iya kashe shi kafin ku isa.

In ka bar shi, ka bar shi amana: babban mutum ɗaya da ya yarda, ruwa kullum, abinci, inuwa, kuma kar a sake shi yawon gari.

Ko kana gida ko kana hanya, in kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ran nan, kar a tsaya shafe-shafe. Karen kuma a ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku da garke cikakke. Sai mun haɗu a shiri na gaba.