Lend da borrow: wa ke bin wani bashi?

A shirin wannan mako mun tsaya kan kalmomin Turanci biyu da kan jawo rigima a kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Illela: lend da borrow. Dukansu aikatau ne da suka shafi aro da rance, amma kowace da inda ta fuskanta.

Lend ta mai bayarwa ce, tana tafiya da to. In abin ya wuce sai ta koma lent: "I lent money to him", wato na ranta masa kuɗi. Borrow kuwa ta mai karɓa ce, tana tafiya da from: "I borrowed money from him", wato na ranci kuɗi a wurinsa. 'Yan'uwa na Nijar, a Faransanci lend ita ce prêter, borrow kuma emprunter.

A kasuwa ana cewa "borrow me", kowa ya gane nufi. A takarda fa ba haka ba ne. In ka ranta wa dillali kuɗin bijimi aka rubuta borrowed bayan sunanka, takarda ta ce kai ake bi. Kafin ka dangwala yatsa, sa a karanta maka: mai bayarwa shi ne lender, mai karɓa borrower.